Jiragen Yaƙin Hitila a Garejin Kawu

Hanyar Kano zuwa Jos ta Falgore ba ta da abin ba da labari sai an wuce Saminaka. Daga Jengre ne ƙasa take fara tashi, mota ta riƙa nishi, direba ya riƙa sauko da giya, duwatsu su fara leƙowa hagu da dama, wasu a ɗore kan wasu. Da hunturu na yi tafiyar, don haka kafin mu kai Farin Gada kowa ya laluɓo rigar sanyinsa, mata sun ƙara lulluɓe goyo. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma jikin baƙo ne yake fara shaida hakan. Ban tsaya cikin gari ba, daga Taminus na hau motar Bukuru.

Wurin Kawu na nufa, ƙanen mahaifiyata. Tsohon sojan sama ne, amma ba matuƙi ba. Yana cikin masu kwana da sifana a hannu don matuƙi ya tashi lafiya ya sauka lafiya. Ya fara da jirgin koyo na L-29 a Kano, ƙirar Chekoslobakiya, daga baya aka mayar da shi Makurdi kan MiG-21, waɗanda Najeriya ta fara karɓa daga Tarayyar Sobiyet a 1975. Da ya ajiye kaki sai ya buɗe garejin gyaran mota a Bukuru ya zauna. Shi ya cusa mini son jirgi tun ina firamare, yana zana mini fiffike a ƙasa da tsinke yana nuna mini yadda iska take bi ta sama da ta ƙasa. Ya daɗe yana ce mini a waya, "Ɗana, ka zo ka ga majalisarmu tun muna da sauran ƙarfi. Mu da muka san ƙamshin man jirgi kullum raguwa muke yi."

Majalisar tana zama ne daren Asabar, bayan sallar isha'i, a cikin garejin. Ana tura motocin gyara gefe, a rataya farin zane a jikin bango, a jona ƙaramin majigi da kwamfutar tafi-da-gidanka, a tayar da janareto can bayan gida don kada ƙararsa ta danne ta fim. A tsakiya akwai kaskon gawayi, kowa ya miƙa masa tafin hannu. Mai shayin bakin layi ya san ranar, shi yake kawo shayi da soyayyen dankali da ƙwai ba sai an aika ba. Ban da Kawu akwai wani dattijo Birom, tsohon malamin makaranta, wanda kowa ke ce wa Baba Ticha. Akwai wani Alhaji da ya yi ƙuruciyarsa yana haska fim a ɗaya daga cikin tsofaffin silimun Jos, zamanin da matasa ke cika Kwararafa da dare. Sai kuma yaran gareji, cikinsu har da wani matashi mai ƙera ƙananan jirage masu tashi da rimot. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wasu dattawan garin dara suke yi, waɗannan kuwa jirgin yaƙi suke kallo.

Fim ɗin daren shi ne Battle of Britain na 1969, labarin karon da aka yi a sararin Ingila tsakanin sojan saman Birtaniya da na Jamus daga Yuli zuwa Oktoban 1940. Duk sun kalle shi har sun haddace, kuma ba labarin suke bi ba. Da jirgi ya fito sai wani ya ce a tsayar, yaro ya danna, a taso a zo gaban zane ana nuni da yatsa.

Farkon tsayawar a kan jirgin Jamus aka yi. Kawu ya kira matashin nan ya ce, "Zo nan. Wannan da suke ce maka Messerschmitt ne, duba salansarsa, a sama take ko a ƙasa?" Yaron ya ce a sama. Kawu ya ce to, ainihin Messerschmitt Bf 109 injinsa na Daimler-Benz a kife yake, kawunan silinda suna kallon ƙasa, saboda haka bututun hayaƙinsa a ƙasan hanci suke jere. Wannan kuwa ƙirar Sifaniya ce da aka ci gaba da yi bayan yaƙi, aka sa mata injin Merlin na Rolls-Royce, shi ya sa haɓarta ta yi kumburi, salansa ta hau sama. Manyan jiragen sakin bama-baman da ke fim ɗin ma haka suke, ƙirar Sifaniya ne na Heinkel 111, an aro su daga sojan saman ƙasar, su ma da Merlin a cikinsu. Wato a fim ɗin nan mai kora da wanda ake kora duk inji iri ɗaya ke jansu. Alhaji ya ƙara da cewa haka aka yi a Tora! Tora! Tora! na 1970, inda aka gyara wa jiragen koyo na Amurka, T-6, fuska suka fito a matsayin Zero na Japan. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aibi. Jirgi ne na gaskiya, da mutum a ciki, a cikin iska ta gaskiya.

Nan ne gindin soyayyarsu, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari. Masu fim ɗin sun tara jirage kusan ɗari, suka ɗauki hoto daga cikin wani jirgin B-25 da ke bin su a sama, har rumfar jirage ta gaske suka tarwatsa a filin Duxford. Abin da wannan yake haifarwa ido yana gani. Jirgi yana gudu a kan ciyawa yana tangaɗi, ƙaramar tayar wutsiya tana tsalle, baƙin hayaƙi ya yi zane a gefen hanci, in ya karkata zai juya sai ka ga nauyinsa yana jansa ƙasa matuƙi yana kokawa da shi. Jirgin da aka zana a kwamfuta ba shi da wannan nauyin. Yana juyawa inda ƙarfe ba zai iya juyawa ba, kyamara tana bin sa ta wurin da ba mai ɗaukar hoton da zai rayu. Yaro zai yi ihu, amma wanda ya taɓa tura jirgi da kafaɗarsa zuwa rumfa ba zai yarda ba. Kusa da ƙarshen fim ɗin akwai wani wuri da ba a magana ko ɗaya, kiɗa ne kawai da jirage suna rubibi cikin gajimare. Wannan wurin ba a tsayar da shi a majalisar Kawu, kuma ba a tari.

Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta Spitfire da Hurricane, jiragen yaƙin Birtaniya biyu. Alhaji ɗan Spitfire ne, kuma ba a ganin laifinsa. Duk wanda ya ga fiffikenta mai siffar ganye, siriri, ya san R. J. Mitchell ya zana abu mai kyau. Ta fara tashi ranar 5 ga Maris 1936, shi kuma ya rasu a 1937 bai ga yaƙin da ta yi suna a cikinsa ba, aka ƙera fiye da 20,000. Kawu kuwa ɗan Hurricane ne, kuma hujjarsa ta makanike ce. "Alhaji, kai kyau kake kallo, ni gyara nake kallo," in ji shi. Hurricane ta Sydney Camm ƙashinta bututun ƙarfe ne, bayanta katako da yadi aka lulluɓa. Harsashi yakan shige ta yadin ya fita ta ɗaya gefen, in ta sauka a yi mata faci kamar yadda ake yi wa wandon ɗan makaranta, ta sha mai ta koma sama. Spitfire jikinta duk ƙarfen alminiyom ne mai ɗaukar nauyi, in ya huje sai ƙwararre. Kuma a karon 1940 Hurricane ta fi yawa, ta kuma fi kakkaɓo jiragen Jamus. Ni zuciyata tana wurin Spitfire tun ina yaro, amma in aka ce in zaɓi wadda zan yi wa hidima a filin da ba rumfa ba kayan aiki, bayan Kawu zan bi.

Daga nan aka faɗa maganar kafireta, yaran gareji suka gyara zama, domin an zo fagensu. Injin Merlin silinda 12 ne, lita 27, amma na farkon yaƙi da kafireta yake shan mai, na Jamus kuwa injekta gare shi. Kawu ya ɗauki kofin shayinsa ya saukar da shi ƙasa da sauri, shayin ya yi sama ya fantsalo. Ya ce haka mai yake yi a cikin kafireta in matuƙi ya dunƙufar da hancin jirgi farat ɗaya: man ya bar inda ake zuƙarsa, inji ya yi tari, sannan ya dawo ya yi masa yawa ya shaƙe shi. Bajamushe da ya ga an biyo shi sai kawai ya nutsa ƙasa ya tsere. Matuƙan Ingila suka koyi kifar da jirgi rigingine kafin su nutsa. Wadda ta kawo sauƙin matsalar a 1941 mace ce, injiniya Beatrice Shilling, mai tseren babur, da wani ɗan wosha na tagulla mai huda a tsakiya wanda ke taƙaita man da ke shiga. Kawu yana son wannan labarin ƙwarai, ya kan ce wa yaransa su daina raina ƙaramin ƙarfe.

Abu ɗaya ne ba a yi a majalisar. Da wani jirgin Jamus ya kama wuta yana gangarowa, wani sabon yaro ya yi tafi. Kawu ya sa aka tsayar, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Akwai ɗan wani a ciki." Ya shiga soja bayan an gama yaƙin basasa, amma a hannun waɗanda suka yi shi ya koyi aiki. Ya tuna mana cewa MiG-17 na farko a Kano aka sauke su a 1967, matuƙan Masar suka tuƙa da yawansu, kuma bama-baman yaƙin nan sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a Gabas. Baba Ticha ya ɗora da cewa matuƙan ƙasar Folan da ake nunawa a fim ɗin, ɗaya daga cikin na gaskiyarsu, Jan Zumbach na runduna ta 303, shi ne ya zo ya tuƙa wa Biyafara jirgin B-26 a 1967 har ya kai hari filin jirgin Makurdi, filin da Kawu ya yi shekaru yana aiki daga baya. Son da mutanen nan ke yi wa ƙarfen bai rufe musu ido daga abin da aka ƙera shi ya yi ba, kuma da ya rufe da ban ga dalilin zama da su ba.

Da aka kunna fitila, a matsayina na Bakano ni ma na sami bakin magana. Jiragen nan ba a Turai kaɗai suka yi shawagi ba. Tun 1925 jiragen sojan saman Birtaniya uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, ƙarƙashin Arthur Coningham. Da yaƙi ya toshe hanyar Bahar Rum, daga Satumban 1940 sai aka riƙa kawo Hurricane cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ayari-ayari, jirgin Blenheim mai inji biyu yana gaba yana nuna hanya. Su sauka Legas, su sauka Kano, su sauka Maiduguri, su bi ta Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da El Fasher da Khartum har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi hanyar nan. Ƙurar da muke sha da hunturu su ma sun sha ta, shi ya sa Hurricane ta ƙasashen zafi take da wani babban matacin iska a ƙarƙashin hanci. Kakanninmu sun kuma yi karo-karon kuɗin yaƙi, har aka laƙaba wa wata rundunar Spitfire, ta 91, sunan Najeriya. Baba Ticha ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ku Kanawa kun ba su mai da wurin kwana. Gobe bayan na taso daga coci zan nuna maka abin da mu muka ba su."

Da hantsi muka fita a tsohuwar motarsa, muka bi ta wajen Rayfield. Baƙo zai ɗauka tafkuna ne Allah ya yi: ruwa shuɗi-shuɗi kwance, ga tuddai jajaye kewaye da shi, ga itatuwan turare dogaye. Ramukan kuza ne. Muka tsaya a bakin wani, ya nuna mini gangaren da ruwan sama ya zaizaye, ƙasa ja a sama, fara a ƙasa, ba ciyawar kirki a kai. Can gefe wasu mata suna tsugune da faranti suna wanke yashi, suna karkaɗa shi a hankali har baƙin garin kuza mai nauyi ya kwanta a gindi. Ɗaya ta zuba mini kaɗan a tafin hannu. Ɗan mitsitsi ne, amma nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa.

A nan Baba Ticha ya ba ni labarin. Farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da kuza a lokacin. Ba a yaƙi ba kuza: da ita ake haɗa dalmar liƙe wayoyin rediyo da lagireto, tana cikin boris ɗin inji, da ita ake shafe gwangwanin abincin soja. Sai Turawa suka juyo kan tudun Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo mutane dubbai da ƙarfin hukuma daga lardunan Arewa, ta hannun sarakuna da hakimai, a kawo su haƙar kuza. Diban gwamna ake ce masa. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina da Barno aka zube su cikin sanyin nan da ruwan sama, ba bargo, ba isasshen abinci, suna ɗaukar ƙasa a kwano bisa kai. Da yawa sun gudu, da yawa cuta ta kashe su a nan. Su kuma Birom gonakin accarsu ne aka mayar ramuka. "Kakanka da kakana," in ji shi, "ɗaya an ɗebo shi, ɗaya an ƙwace masa gona, kuma ba ɗayansu da ya taɓa ganin Spitfire da idonsa."

Bai tsaya nan ba. Akwai wani baƙin yashi da ke fitowa tare da kuza, kwalambait, wanda a da zubar da shi ake yi. Da zamanin jirgin jet ya zo aka gane cewa ƙarfen da ake samu daga gare shi yana sa baƙin ƙarfe ya jure zafi mai tsanani, irin na cikin injin jet. A shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta riƙa sayensa tana tarawa, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, aka koma ana tone tsofaffin jujin da aka watsar. Na tsaya ina kallon ramin nan raina ya ɓaci. Finafinan da muke so sun nuna matuƙi, sun nuna makanike, sun nuna matan da ke tura alamomi a kan taswira. Mai kwano a ka bai fito ba, haka ma 'yan Bama, sojojinmu da aka kai yaƙi ƙasar Bama, na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda wasunsu jiragen Dakota ke jefa wa abinci daga sama a dajin Kaladan. Ban ga laifin Bature don ya ba da labarin gidansu ba. Amma Hukumar Finafinai ta Najeriya a Jos take, makarantar koyon fim ta ƙasa ma a Jos take, ramukan kuma ga su nan mota ba ta minti talatin. Ina fatan in ga ɗaliban nan sun ɗauko kyamara sun zo nan tun jikokin masu labarin suna da rai.

A hanyar dawowa mun leƙa gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok suna nan, su ma haƙar kuza ce ta tono su, ga kuma tsohon kan jirgin ƙasa na siririn layin Zariya zuwa Jos. Wanda ke son ganin jiragen yaƙin basasa kuwa sai ya dangana da gidan tarihin yaƙi na Umuahia.

Da la'asar sakaliya matashin gareji ya ce zai gwada jirginsa, duk muka ɗunguma zuwa wani fili da tsohon aikin kuza ya baje. Hurricane ya ƙera, saboda Kawu. Jikinta farin soson nan ne da ake tallafe firji da shi a kwali, ya fere shi da reza ya goge da sanfefa, ƙashin fiffike kuma siririn katako, hanci gwangwanin lemo ne da ya buɗe ya lanƙwasa. Ya shafa mata fenti kore da ruwan ƙasa, har da zoben ja da fari da shuɗi a gefe. Ƙaramin inji mai batir da rimot ne kaɗai ya saya, da kuɗin da ya tara na wata da watanni. Kawu ya ɗora ta kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike don ya ga inda nauyinta ya rinjaya, ya ce wutsiya ta yi nauyi, aka matsar da batir gaba kaɗan aka ɗaure da roba. Ya kuma gargaɗe shi cewa iskar Jos ba ta da kauri irin ta Kano, jirgi babba ko ƙarami yana bukatar doguwar gudu kafin ya ɗaga, kada ya yi gaggawar jan hanci.

Yaron ya bi maganar. Ta yi gudu a kan jar ƙasa tana tangaɗi, wutsiya ta ɗaga, sannan ta rabu da ƙasa ta haye saman itatuwan turare. Yaran unguwa suka biyo ta da gudu suna ihu, matan da ke wankin kuza suka miƙe suna kare rana da hannu. Ta kewaya ramin, iska ta ɗan kwashe ta wajen ruwa, ya dawo da ita da ƙyar. Wajen sauka tayar hagu ta ci karo da dutse ta karye, jirgin ya juya ya tsaya da hanci a ƙasa. Alhaji ya ce da Spitfire ce da ta fi kyau a sama. Kawu ya ce da Spitfire ce, da ƙafafunta matsattsu, da tun wajen tashi ta kife. Ya tsuguna ya duba karayar, ya ce wayar ta yi siriri, a nemo sifok ɗin babur, gobe da safe a kawo masa ita gareji kafin masu mota su fara zuwa.